Ai Ba a Ɗaure Ka Ba

Maƙwabcina malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi a nan cikin Kaduna. Shekararsa goma sha ɗaya ke nan yana riƙe da alli a wuri ɗaya. A dogon hutun da ya wuce wata makaranta a Abuja ta neme shi, ya je aka gwada shi, aka ce ya zo ya kama aiki, albashin da aka yanka masa kuma ya kusa ninka wanda yake karɓa. Ya dawo a jirgin ƙasa na yamma ya sauka a Rigasa, bakinsa har kunne. Bayan kwana tara ya buga musu waya ya ce su yi haƙuri, ba zai samu zuwa ba.

Ƙanensa, wanda bai yi aure ba tukuna, shi ya fi kowa jin haushi. Muna zaune a dakalin ƙofar gida bayan isha'i ya ce masa, "Yaya, wallahi ni ban gane maka ba. Kullum kana kukan mai makarantar nan ya raina ka, yau Allah ya kawo maka mafita ka ce a'a. Ai ba a ɗaure ka ba."

Malam bai ja da shi ba. Ya shiga gida ya fito da wata tsohuwar takardar jarrabawa da ya yi lissafi a bayanta, ya miƙa masa, ya haska masa da fitilar waya. Yaransa uku suna karatu a makarantar da yake koyarwa, rabin kuɗi yake biya saboda shi ma'aikaci ne. Ranar da ya ajiye aiki kuɗin makarantarsu ya koma cikakke. Akwai sauran wata bakwai na bashin da ya ci a ƙungiyar gama kai ta malamai, wanda ake cira daga albashi, kuma ba a sallamar mutum sai ya biya. Hayar gidansa ta nan an biya ta har watan Maris, mai gida ba ya mayar da kuɗi. A can kuwa sai ya kawo kuɗin shekara cur, ga na dillali, kafin a ba shi makulli. Sabon wurin sun ce wata uku na farko gwaji ne. A ƙasan takardar ya rubuta kalma ɗaya ya ja mata layi: Hajiya. Mahaifiyarsu ke nan, tana da hawan jini da ciwon suga, a ɗakinsa take, shi ke kai ta asibiti, matarsa ke kula da abincinta.

Ƙanen ya karanta ya miƙa masa abarsa. Bai ƙara cewa komai ba sai "Allah ya kyauta."

A gaban doka maganar yaron gaskiya ce. Kundin tsarin mulkin ƙasa ya haramta aikin tilas, dokar ƙwadago kuma ta fayyace wa'adin da ma'aikaci zai bayar in yana son tafiya: kwana ɗaya in bai wuce wata uku a aiki ba, mako ɗaya in bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya in ya kai shekara biyar ko fiye. Ƙwararru da manyan ma'aikata abin da takardar ɗaukarsu ta faɗa shi ake bi, galibi wata ɗaya ko uku. Daga nan doka ta gama nata. Ba ruwanta da abin da za ka ci daga ranar da ka fita daga wannan ƙofa zuwa ranar da albashin farko na sabon wuri ya faɗo a asusunka.

Wannan tsakanin shi ne gundarin maganar. Duk mai sauya aiki sai ya ratsa wani fili da ba albashi a cikinsa. In an yi sa'a kwana talatin ne, domin ba inda ake biyan mutum kafin ya yi aikin wata. In sabon wurin gwamnati ne, wata uku ko fiye kan shuɗe kafin sunanka ya hau takardar biya. In akwai ƙaura, kuɗin mota da kaya da haya duk a wannan lokacin suke faɗowa. Mutum biyu za su iya zama a ofis ɗaya, ilimi ɗaya, albashi ɗaya, kujerarsu na kallon juna, amma ɗaya zai iya ratsa wannan fili ɗaya ba zai iya ba. Na farko a gidan mahaifinsa yake zaune, matarsa na da ɗan shagonta, yana da yaya a Fatakwal da zai tura masa wani abu in ta yi tsanani. Na biyu shi ne yayan da ake kira. Ga wanda ke rayuwa hannu baka hannu ƙwarya, wata ɗaya babu albashi yana nufin mai kanti ya rufe littafin bashi, a koro yara, maganin tsohuwa ya yanke. Ba wanda zai ce masa matsoraci in ya ƙi sakin reshe don ganyen da ya hango, ko da ganyen ya fi reshen kyau.

Bashi ne igiyar da ta fi kowacce ƙarfi, kuma da hannunsa ma'aikaci yake ɗaura ta, sau da yawa ba tare da yana da zaɓi ba. Albashi ba ya kai wata, sai a cike gurbin da rance. Banki na ba ka bashin albashi da sharaɗin albashinka zai ci gaba da shigowa ta wurinsu har ka gama biya. Ƙungiyar ma'aikata na kawo shinkafa da mai lokacin azumi, rago lokacin layya, babur, wani lokaci har fili, a riƙa cira kaɗan-kaɗan. Adashin ofis ma haka: in ka riga ka kwasa, ba ka da fuskar cewa za ka tafi, abokan zamanka ne za su shiga uku. A da wani kan sauya banki ya ɓace. Tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar bin mai bashi ta lambarsa ta BVN su ciri kuɗinsu daga duk asusun da yake da shi a wani banki. Ban ga laifin hakan ba, kuɗin mutane ne. Sai dai sakamakonsa shi ne wanda ya ci bashin wata goma sha takwas kamar ya sa hannu ne a kan zai zauna wata goma sha takwas, komai aka yi masa. Kafin wa'adin ya cika kuwa an yi haihuwa, ko kwano ya fara yoyo, an sake cin wani.

Sai abubuwan da ba a rubuta su a takardar albashi ba amma suna manne da aikin. Ragin kuɗin makaranta irin na maƙwabcina. Ɗaki a kwatas. Motar da ke ɗauko ma'aikata. Katin asibiti na inshorar lafiya, wanda ma'aikacin gwamnatin jiha ke samu ta hukumar KADCHMA, na tarayya kuma ta NHIA. Mai lafiya ba ya lissafa katin nan. Wanda ke da yaro mai sikila yana lissafa shi kafin ya lissafa albashi. Ko a Amurka masana tattalin arziki sun daɗe suna rubutu a kan mutanen da ke zaune a aikin da ba sa so saboda inshorar lafiyarsu a hannun kamfani take. Mu a nan abin ya fi haka yawa, domin har alherin mai gida yana cikin lissafi: ranar da matarka ta haihu ya ba ka wani abu, ranar rasuwar mahaifinka ya zo da kansa har ƙauye. Bayan wannan ka shiga ofishinsa da takardar ajiye aiki? Kunya kan hana. In ma ka daure, akwai wanda ya kawo ka, ya tsaya maka, ya sa hannu a matsayin garanto. Shi za a kira a ce ga abin da yaronka ya yi.

Akwai kuma wata mummunar al'ada da ya kamata a kira ta da sunanta. Wasu masu makarantu da asibitoci da kamfanonin tsaro suna karɓar takardun shaidar karatu na asali su kulle a durowa, wai don amana. Ranar da ka ce za ka tafi sai makullin durowar ya ɓata, ko oga ya yi tafiya. Wasu kuma da gangan suke barin albashin wata ɗaya ko biyu a baya kullum, don ka san in ka tafi ka yafe shi. Akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki, amma wanda ke bin kuɗin wata biyu ba shi da na lauya, kuma masu yin abin sun san haka.

Kaduna tana da tata igiyar da baƙo ba zai gani a taswira ba. Tun rikicin shari'a na watan Fabrairun 2000, da na 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2011, mazauna garin suka ja jiki, kowa ya koma inda yake jin zai kwana da ido biyu rufe. Kogin Kaduna ya zama kamar iyaka: Tudun Wada, Rigasa, Kawo, Unguwar Dosa, Badarawa a wannan ɓangare, Sabon Tasha, Narayi, Television, Romi a wancan. Da rana kowa na ƙetare gada, ana ciniki, ana aiki tare, ba wanda ya damu. Amma a ba ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Rigasa aikin dare a wani asibiti a Sabon Tasha, ko a ba wadda ke Gonin Gora irinsa a Kawo, za ka ji tambayoyin da gidansu za su yi. In an tashi da ƙarfe goma wa zai dawo da ita? In wani abu ya tashi tana can fa? Ƙaura zuwa kusa da wurin aikin, wadda ita ce mafita a wani gari, a nan ba kowa ke iya yinta ba. Don haka garin da ake ganin girmansa ya kan ragu ya koma rabi ga mai neman aiki. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 nisa ya ƙara tsada. Wanda zai hau Keke ya sauka ya hau bas ya sake hawa Keke kafin ya isa, safe da yamma, kwana ashirin da biyu a wata, zai iya tarar da ƙarin albashin da ya ja shi ya ƙare a hanya.

Abuja kuwa ga ta nan kusa, tun da jirgin ƙasa ya fara aiki a 2016 mutane da yawa suka zaɓi barin iyali a Kaduna su yi aiki can, su dawo ranar Juma'a. Harin da aka kai wa jirgin a ranar 28 ga Maris 2022, da watannin da aka yi ba ya tafiya, da abin da aka sha gani a kan titin, sun sa iyaye da mata da yawa sun daina kallon wannan tsari a matsayin abu mai sauƙi. Maƙwabcina ya lissafa shi ma. Tukunya biyu, haya biyu, da Hajiya da za ta kwana biyar a mako tana jiran waya.

Ina ganin ba za a fahimci yadda mutumin Kaduna ke riƙe aiki da hannu biyu ba sai an tuna Kakuri. A can aka kafa masaƙar Kaduna Textiles a 1957, masaƙar United Nigerian Textiles, wato UNTL, ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles, ga kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya fara a 1975. A zamanin da injuna ke kuka dare da rana, ƙwararren masaƙi ko makaniki yana da bakin magana, domin in an ɓata masa a wannan ƙofa akwai wata a gaba kaɗan. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Tsofaffin ma'aikatan ta farkon sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Yaran da suka ga iyayensu sun koma acaba da gadi su ne ma'aikatan yau. Darasin da suka tashi da shi ɗaya ne: in ka samu, ka riƙe. Sannan masu ɗaukar aikin sun ragu. In mai saye ɗaya ne a kasuwa, shi ke yanka farashi, ko tumatir aka kawo ko ƙwadago.

Shi ya sa aikin gwamnati yake da wata daraja da ta wuce kuɗinsa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, gwamnatin jihar Kaduna ta sanar da 72,000, kuma kowa ya san inda wannan ke tsayawa a kasuwar Barci. Amma ma'aikacin gwamnati ana ba shi bashi, ana ba shi haya, ana ba shi aure. In aka je neman aure aka ce yaron ma'aikaci ne, ba a cika tambayar mataki na nawa ba. Mai wannan rigar ba ya cire ta cikin sauƙi, ko da wani kamfani ya ninka masa. Abin mamaki, sallamar malaman firamare 21,780 da gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta yi bayan jarrabawar gwaji ta 2017, da rage ma'aikatan ƙananan hukumomi na 2021 wanda ya jawo yajin aikin ƙungiyar ƙwadago a watan Mayun shekarar, ba su sa mutane sun raina aikin gwamnati ba. Sun ƙara musu tsoro ne kawai. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ba lokacin neman sabon wuri yake gani ba, lokacin yin shiru yake gani.

Fansho ya kamata a ce ya sassauta wannan. Dokar 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta ba kowane ma'aikaci asusunsa na kansa da yake tafiya da shi duk inda ya koma. Yana zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai ba da aiki na zuba kashi 10. Har ta yarda wanda bai kai shekara hamsin ba ya ciri kashi 25 na abin da ya tara in ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba. Tsari ne mai kyau a takarda. Amma wata huɗu ya yi wa mai iyali nisa, kuma mafi yawan masu aiki a garin nan, daga yaran shago zuwa malaman ƙananan makarantu, ba su da asusun ko kaɗan. Dokar mafi ƙarancin albashi ma ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Shekaru kuma na tafiya. Tallan aikin banki na neman ɗan shekara ashirin da wani abu. Wanda ya kai arba'in da biyar, ya fara hango ritaya, ba zai je ya zama sabon shiga a ƙarƙashin sa'an ƙanensa ba.

Na mace ya fi wannan sarƙaƙiya, domin ita ba ita kaɗai ke yanke shawarar ba. Sai maigida ya yarda, sai an duba ko za ta dawo kafin yara su taso daga Islamiyya, sai an duba wa za a bar wa goyo. Na san wata da ta karanta harhaɗa magunguna, take zaune a wani ƙaramin kanti a unguwarsu shekara da shekaru da albashin da bai kai darajar takardarta ba, saboda kawai tana iya leƙawa gida ta shayar da yaro ta dawo. Mai kantin ya san ba kuɗinsa ne ke riƙe da ita ba, don haka bai ga dalilin ƙarawa ba. Ma'aikaciyar gwamnatin jiha tana da hutun haihuwa na wata shida tun 2019. Dokar ƙwadago mako goma sha biyu ta tanada, wasu masu zaman kansu ko wannan ba sa bayarwa, wasu ma da sun ga ciki sai su fara neman dalili. Matar da ke sa ran haihuwa ba ta motsawa daga inda aka riga aka san ta.

Ba na son a ɗauka duk mai ba da aiki azzalumi ne. Mai ƙaramar makaranta shi ma yana fama da iyayen da ba su biya ba, da kuɗin wuta, da haraji. Wanda ya koya wa yaro walda a Panteka shekara biyar yana ciyar da shi, in yaron ya gudu wata uku kafin sallama ya buɗe nasa a layi na gaba, shi ma an cuce shi. Asibitin da ya horar da ma'aikaciyar jinya ta ƙware, sannan ta tattara ta tafi Ingila ko Saudiyya, yana da abin faɗa. Sai dai a lura da su wa ke tafiyar. Jarrabawar Turanci, tantance takardu, biza, tikiti, duk da kuɗi ake yinsu, kuma sau da yawa fili aka sayar ko dangi suka haɗa. Wadda ta fi kowa iya aiki a ɗakin haihuwa tana iya zama ita ce ba za ta taɓa tafiya ba, domin albashinta ne ke riƙe da gida biyu.

A nan ne abin yake komawa kan albashin kansa. Mai ba da aiki ba ya ƙara kuɗi don ya ga kana wahala. Yana ƙarawa ne in ya ji tsoron za ka tafi. Shi kuwa ya san kowa. Ya san wanda ya ci bashi, domin shi ya sa hannu. Ya san wanda yaransa ke makarantar, ya san wanda mahaifiyarsa ke kwance, domin shi ake roƙo izinin zuwa asibiti. Saurayin da ya zo bara, ba mata ba ɗa, in ya ɗaga murya sai a kira shi gefe a lallashe shi da ɗan ƙari. Dattijon da ya shekara goma sha ɗaya sai a ce masa, "Malam, ai kai na gida ne, a ƙara haƙuri." Mafi buƙatar ƙarin shi ne mafi ƙarancin samunsa, kuma a fili ake kiran wannan da sunan riƙon amana.

Labarin tayin Abuja bai ɓoyu ba, ya kai kunnen mai makarantar. Ranar da aka koma hutu ya tara malamai, ya yabi maƙwabcina a gaban kowa, ya ce irinsu ne ginshiƙin makaranta. Aka yi tafi. A sabon jadawalin da aka liƙa a ofis an ƙara masa aji ɗaya, saboda wani matashin malami ya samu aiki a wani wuri ya tafi. Albashi yana nan yadda yake.

Na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce bashin ƙungiya zai ƙare a watan Afrilu, babbar 'yarsa kuma za ta gama a watan Yuli, saura biyu. Takardar lissafin tana nan a cikin littafinsa, ya soke layi ɗaya da jan biro. Lambar mutanen Abuja ma bai goge ta ba.